Shin Halittar Mace Tana Hana Ta Wasu Ayyuka?

Tambaya: Likita, 'yata ta gama sakandare, kuma ranta na kan aikin sojan sama, ɓangaren gyaran jirage. In hakan bai samu ba ta ce za ta karanta injiniyanci. Yayana ya ce sam, wai halittar mace daban ce, irin waɗannan ayyuka ba nata ba ne, har ya ce kimiyya ma ta tabbatar da haka. Shin gaskiya ne bambancin jikin namiji da na mace yana sa ɗaya ya fi ɗaya dacewa da wani aiki?

Amsa: Malam, yayanka yana da gaskiya a wuri guda, kuma gara in fara ba shi haƙƙinsa kafin in nuna inda muka rabu. Aikina duba lafiyar ma'aikata ne, wato auna mutum kafin a ɗauke shi aiki da kuma duba shi idan aikin ya taɓa masa jiki. Duk wanda ya daɗe a wannan fanni ba zai ce maka jikin namiji da na mace ɗaya ne ba.

Kafin balaga, yaro da yarinya ba su da wata tazara ta a zo a gani wajen ƙarfi. Da zarar an balaga sai sinadarin testosteron ya hau a jikin namiji har ya ninka na mace kusan sau 15. Shi ne ke gina tsoka, ya kaurara ƙashi, ya faɗaɗa kafaɗa, ya ƙara yawan jini. Wani bincike na shekarar 2000 da ya auna mutum 468 da na'urar hoton cikin jiki ya gano cewa a matsakaici namiji na ɗauke da tsoka kilo 33, mace kuma kilo 21. Tazarar ta fi yawa daga ƙugu zuwa sama. Ƙarfin hannu da kafaɗar mace a matsakaici bai wuce rabin na namiji da ɗan ɗoriya ba, na ƙafa kuwa ya kai wajen kashi biyu cikin uku. A Jamus, a 2007, an gwada ƙarfin damƙar hannu na matasa, sai aka ga mata 90 cikin 100 ba su kai abin da maza 95 cikin 100 suka zarce ba. A jini ma haka: Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa namiji na da ƙarancin jini idan hemogulobin ɗinsa ya gaza giram 13 a kowace desilita, mace kuma sai ya gaza 12. Hemogulobin ne ke kai iska ga tsoka, shi ya sa tazarar ke bayyana a gudu. Usain Bolt ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.58 a 2009, bajintar mata kuma tana nan a 10.49 tun 1988, wadda Florence Griffith-Joyner ta kafa. Wajen kashi 10 cikin ɗari ke nan, kuma tsakanin waɗanda suka ƙure horo.

Wannan yana da tasiri a wasu ayyuka, ba na musu. A 2015 rundunar sojan ruwa ta Amurka masu yaƙi a tudu ta gwada rukunin maza zalla da rukunin da aka gauraya maza da mata, a ayyuka irin su tattaki da kaya masu nauyi da janye wanda aka harba daga fagen fama. Rukunin maza zalla ya fi a kashi 69 cikin ɗari na ayyukan. Matan kuma sun fi jin rauni. Abin da likitocin soja a ƙasashe da dama suka daɗe da sani ne cewa kurata mata sun fi maza samun tsagewar ƙashin ƙwauri da na ƙugu a watannin farko na horo, musamman idan aka tilasta wa gajera ta riƙa jefa ƙafa daidai da takun dogo tana ɗauke da jaka. Jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ma ta fi saurin tsinkewa a mata 'yan wasa. Wanda ya ɓoye wa yarinya wannan don ya faranta mata rai bai yi mata adalci ba.

To amma a cikin wannan shekarar ta 2015, a watan Agusta, wasu mata biyu, Kristen Griest da Shaye Haver, suka kammala horon Ranger na sojan Amurka, horon da maza masu yawan gaske ke faɗuwa duk shekara. Labaran biyu duk gaskiya ne, kuma ba su ci karo ba. Na farko yana maganar matsakaici ne, na biyu yana maganar mutum biyu masu suna. A nan ne maganar yayanka ta zame. Mai ɗaukar aiki ba ya ɗaukar "mata" ko "maza", mutum ɗaya yake ɗauka. Idan ka je wurin tela, ba ya tambayar matsakaicin tsayin mutanen unguwarku ya yanka yadi, awonka yake ɗauka. Sanin cewa akasarin mata ba za su iya ɗaga wani nauyi ba yana gaya maka cewa waɗanda za su ci jarrabawar ba za su yi yawa ba. Bai gaya maka ko wadda ke tsaye a gabanka za ta ci ba. Kuma akwai maza bila adadin da su ma ba za su ci ba. Ina ganinsu: saurayi mai faɗin ƙirji, a miƙa masa ma'aunin damƙa ya matse har jijiyar wuya ta tashi, allurar ta tsaya a inda ba ya so, ya ce a sake ba shi wai hannunsa na da gumi.

Hanyar da ta dace ita ce a auna aikin tukuna, sannan a auna mutum. 'Yan kwana-kwana a birane da yawa na Amurka da Kanada suna da gwaji guda ga kowa. Mai neman aikin zai sa riga mai nauyin kusan kilo 23, ya hau matakala, ya ja mesar ruwa, ya ɗaga tsani, ya fasa ƙofa da guduma, ya rarrafa cikin duhu, ya janyo mutum-mutumi mai kilo 75, duka cikin minti 10 da daƙiƙa 20. Kowane mataki abu ne da ake yi a gobara ta gaske. Wanda hayaƙi ya sumar a bene na biyu nauyinsa ba ya raguwa don mace ce ta zo ɗaukarsa, saboda haka ni ba na goyon bayan a sassauta irin wannan gwaji ga kowa. Amma akwai ɗaya gefen. A Kanada wata mai kashe gobarar daji, Tawney Meiorin, ta shekara uku tana aikinta ba a taɓa kuka da ita ba, sai aka fito da sabon gwaji na gudun kilomita 2.5 cikin minti 11. Ta makara da daƙiƙa 49, aka sallame ta. A 1999 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce a mayar da ita, domin gwamnati ta kasa nuna cewa aikin na buƙatar wannan gudun. Ma'aunin da bai fito daga cikin aikin ba shinge ne kawai. A nan gida, 'yan sanda na neman tsayin mita 1.67 ga namiji da 1.64 ga mace. Akasarin matanmu ba su kai 1.64 ba, kuma har yau ban ga yadda santimita biyu ko uku ke hana mutum binciken laifi ko ɗaukar bayanin shaida ba.

Yanzu ka tambayi kanka, ayyuka nawa ne a yau suke buƙatar ƙurewar ƙarfin damtse? Ba su da yawa, kuma kullum raguwa suke yi. Tirelar da a da sai ƙaƙƙarfa ke juya sitiyarinta, yanzu na'ura mai aiki da mai ce ke taimakawa wajen juya shi. Gyaran jirgi da 'yarka ke so yana daga cikin ayyukan da ƙarfi ya fi zama matsala a kan rashinsa. Kowane noti a jikin injin jirgi yana da adadin ɗaurin da littafin kamfani ya rubuta, ana ɗaure shi da sifana mai ma'auni, kuma wanda ya zarce adadin don yana jin ƙarfi ya yi laifi daidai da wanda ya bar shi sako-sako. Inji da manyan sassa da na'urar ɗagawa ake sauke su. Abin da aikin ke ci shi ne karatun zane, bin matakai ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, ƙirga kayan aiki kafin a rufe don kada a manta sifana a cikin inji, da gaskiyar da za ta sa mutum ya ce "ban gama ba" alhali babban hafsa na tsaye yana jiran jirgi. Akwai ma lunguna a cikin fiffike da ƙaramin hannu ya fi shiga.

Hatta inda ake ɗaukar nauyi, sau da yawa nauyin ya fi ƙarfin namijin ma. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata mutum ya riƙa ɗagawa, shi ma in yanayi ya yi kyau, kayan na kusa da jiki. Buhun siminti kilo 50 ne. Leburorin da ke sauke tirela guda da ka da kafaɗa, da 'yan dakon kasuwar hatsi masu saɓa buhun da ya ninka wannan, su ne ke zuwa mana kafin su kai hamsin da baya a sandare, ciwo na sauka har yatsun ƙafa, wasu da gwaiwa. Idan aka ce mace ba za ta iya wannan ba, amsata ita ce shi ma namijin bai kamata ya yi ba. Baro da amalanke da injin ɗagawa aka rasa.

Ga wani abu da ke ba ni mamaki duk lokacin da aka tayar da wannan zance. Je ka ƙauye da hantsi ka tsaya kusa da turmi. Ɗauki taɓaryar ka ji nauyinta, sannan ka kalli mace tana ɗaga ta sama da kai tana saukewa, ɗari bisa ɗari, daga sussuka zuwa surfe zuwa daka, da goyo a baya, wani lokacin ma da ciki. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ta haura iyakar da na ambata, kuma ka san su waye ke ɗaukar ta daga rijiya a wurare da yawa. A 1986 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike kan matan Luo da Kikuyu na Kenya, waɗanda ke ɗaukar kayan da ya kai kashi 70 cikin ɗari na nauyin jikinsu. A kasuwannin Accra da Kumasi 'yan dako mata ne, 'yan mata daga arewacin Ghana da ake kira kayayei. A Jos da kewayen Abuja za ka ga mata na fasa dutse, suna hawa bene da kwanon kankare a ka. A asibiti kuma, ma'aikatan jinya, waɗanda akasarinsu mata ne, su ke juya majinyaci mai kilo 80 da tsakar dare, kuma suna cikin ma'aikatan da ciwon baya ya fi addaba a ko'ina. Ban taɓa jin an kira taron dangi a kan cewa halittar mace ba ta dace da daka ba. Zancen halitta ya fi tasowa idan aikin na da albashi da kaki da fansho. Wannan ra'ayina ne, amma ra'ayi ne da na gina a kan abin da ido ke gani.

Rabon sana'o'inmu ma ba tsoka ya bi ba. A karofin Ƙofar Mata a Kano maza ne ke rini, a Abeokuta kuwa rinin adire sana'ar mata ce, kuma duka rinin shuɗi ne. Girki aikin mata ne a gida, amma mai shayi da mai tsire da kukun otal maza ne. Wanki haka, da zarar ya zama na kuɗi sai ka ga mai wanki da guga namiji. Ginin tukwane a ƙasar Gwari na mata ne, daga nan Ladi Kwali ta fito, wadda hotonta ke jikin naira 20. Al'ada ce ta raba waɗannan, kuma al'ada na da dalilanta, sai dai ba a jikin mutum suke ba.

Sai ƙwaƙwalwa, wadda nake zaton ita yayanka ya fi nufi da ya ce kimiyya. Ƙwaƙwalwar namiji ta fi girma da kusan kashi 10 cikin ɗari, kamar yadda zuciyarsa da huhunsa suka fi girma, amma gwaje-gwajen basira ba su nuna bambanci a matsakaicin maza da mata ba. A 2005 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Janet Hyde, ta tattara manyan nazarce-nazarce 46 da suka haɗa dubban bincike, ta ga kashi 78 cikin ɗari na bambance-bambancen da aka auna ko dai ƙanana ne ko kusan babu. Akwai 'yan wuraren da tazara ta fito. Maza sun fi a juya siffar abu a cikin tunani, wato a nuna maka zane ka gane yadda zai kasance in an karkata shi, kuma wannan na da amfani a injiniyanci, sai dai abu ne da horo ke ɗagawa sosai. 'Yan mata kuma sun fi a karatu da rubutu a kusan duk ƙasar da aka gwada 'yan makaranta. Tazarar da ta fi girma ba ta iyawa ba ce, ta sha'awa ce: a matsakaici maza sun fi karkata ga aiki da abubuwa, mata ga aiki da mutane. Masana na jayayya kan nawa ne na halitta nawa ne na tarbiyya a ciki, kuma adadin yana motsi da zamani. A Amurka mata ne suka karɓi kashi 37 cikin ɗari na digirin kimiyyar kwamfuta a 1984, daga baya ya faɗo ƙasa da 20, alhali jikinsu bai sauya ba. Ko ma yaya ne, wannan bai shafi 'yarka ba, tunda ita da bakinta ta faɗi inda sha'awarta take.

A aikin likita, wanda aka daɗe ana cewa mace ba ta da zuciyar yinsa, an ƙirga sakamako. Wani bincike a Amurka kan tsofaffin majinyata, kwanciyar asibiti sama da miliyan ɗaya da rabi, ya samu cewa kashi 11.07 cikin ɗari na waɗanda likitoci mata suka duba sun rasu cikin kwana 30, na likitoci maza kuma 11.49. A Ontario ta Kanada, a 2017, an duba majinyata sama da dubu 100 da aka yi wa tiyata, sakamakon likitocin fiɗa mata ya ɗan fi kyau. Ba zan ɗauki wannan in ce mata sun fi maza iya likitanci ba, tazarar ƙarama ce kuma tana iya samun wasu dalilai. Abin da ya kashe shi ne zancen cewa ba su kai ba.

Kuma halitta ba gefe ɗaya take yanka ba. Akwai wani ɗan littafi da muke buɗe wa masu neman aikin tuƙin jirgi, jirgin ƙasa, ko haɗa wayoyin lantarki. Kowane shafi da'ira ce cike da ɗige-ɗige masu launi, a tsakiya an ɓoye lamba. Mai lafiyar ido zai ce 74 nan take. Wani saurayin zai ƙura ido, ya matso da littafin, ya karkata kai, ya ce 21, ko ya ce babu komai. Bai taɓa sanin ba ya bambance ja da kore yadda sauran mutane ke yi ba sai ranar. Wannan makantar launi gadonta na kan kuromosom X, ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da gadon halitta a ƙwayoyin jiki, wanda namiji ke da guda ɗaya mace ke da biyu, shi ya sa ta fi kama maza nesa ba kusa ba. A Turawan arewacin Turai tana samun namiji 1 cikin 12, mace 1 cikin 200. A Afirka ba ta kai haka yawa ba, amma nan ma maza ta fi kamawa. Ba wanda ya ce saboda haka a hana maza tuƙin jirgi. Littafin ake buɗe wa kowa. Haka ganganci: wajen kashi uku cikin huɗu na masu mutuwa a haɗarin hanya a duniya maza ne. Yawan tuƙinsu na cikin dalili, amma gudun wuce sa'a da tsere na samari ma na ciki. Ba a hana su lasisi ba.

Bambancin da ba shi da makwafi a jikin namiji shi ne ciki da haihuwa da shayarwa, kuma shi ya cancanci a zauna a kansa. Mai juna biyu jininta na ƙaruwa, bugun zuciyarta na hawa, gaɓoɓinta na saki, zafi na saurin galabaitar da ita. Doguwar tsayuwa, ɗaukar kaya masu nauyi da aikin dare a jere ba su dace da ita ba, musamman a watannin ƙarshe. Akwai kuma abubuwan da ke ratsa mahaifa su kai ga ɗan tayi. Mai aiki a ɗakin hoton ƙashi, da zarar ta sanar tana da ciki, ƙa'idar duniya ita ce kada hasken da zai kai ga ɗan tayin ya wuce milisibat 1 (ma'aunin da ake auna irin wannan haske da shi) har ta haihu, kuma ana cimma haka da sauya mata wurin tsayuwa, ba da sallama ba. A wurin gyaran jirage akwai fenti, man jirgi da sinadaran wanke ƙarfe da ya kamata mai ciki ta nisanta na waɗannan watanni.

Dalma ce misalin da ya fi koyar da mu. Wani kamfanin batir a Amurka, Johnson Controls, ya hana duk macen da ke iya haihuwa aiki a sashen dalma, wai don kare 'ya'yan da ba a haifa ba. A 1991 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wannan, kuma cikin abin da ta lura da shi akwai cewa dalma na lalata haihuwar namiji shi ma, amma ba a kore shi ba. Tun 1977 aka gano a wata masana'anta a Kalifoniya cewa maganin ƙwari mai suna DBCP ya kashe wa ma'aikata maza ƙwayar haihuwa. Mu kuma mun ga namu a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Maza ne ke shiga ramin zinare, amma a cikin gidaje ake niƙa dutsen, inda mata da yara suke. Korar mace daga wurin guba ba ta tsabtace wurin, kuma gubar na bin namiji gida a jikin rigarsa.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta 1974 tana da ɓangarori biyu a nan. Sashe na 54 ya ba mace hutun mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta cika wata shida a aiki, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Wannan kariya ce da ta dace da abin da jiki ke buƙata, ko da yake ta yi kaɗan. Sashe na 55 da na 56 kuwa sun hana mata aikin dare a masana'antu da aikin hannu a cikin ramin ma'adinai, mai ciki da marar ciki, budurwa da wadda ta daina haila, amma aka cire ma'aikatan jinya daga hanin dare. Ka ga idan dare na cutar da jikin mace ne, nas ma mace ce. Ƙasashe da dama sun fara warware irin waɗannan dokoki. Rasha ta rage jerin ayyukan da ta haramta wa mata daga 456 zuwa 100 a farkon 2021, mata suka koma tuƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa a Mosko. A gida kuma, a Janairun 2023, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke zama a Akure ta soke ƙa'ida ta 127 ta 'yan sanda, wadda ke korar 'yar sandar da ta yi ciki ba aure alhali ba ta taɓa namijin da ya yi irin wannan ba, bisa sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki.

Haila ba ta hana akasarin mata aiki. Wadda ciwon mara ke kwantarwa duk wata, ko jini ke zubar mata da yawa, magani take buƙata, kuma akwai shi. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin jini. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 na fama da shi. Yarinya za ta yi ta haki a gudu, a ce ai mace ce, alhali sinadarin ƙarfe ne ya yi mata kaɗan, ko zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suka tsotse ta.

Wani kaso na abin da ake kira gazawar mace kuma na kayan aiki ne. A 1950 rundunar sojan saman Amurka ta auna matuƙa 4,063, duk maza, don a ƙera kujerar da ta dace da matsakaicin matuƙi, sai aka ga babu ko ɗaya da ya faɗa matsakaici a duka ma'aunai goma. Daga nan aka koma kujera mai matsawa gaba da baya. A Maris 2019 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗage fitar mata biyu zalla zuwa wajen tashar sararin samaniya saboda rigar da ta yi daidai da su guda ɗaya ce a shirye, sai a Oktoba Christina Koch da Jessica Meir suka fita. A masana'antunmu abin ya fi wannan sauƙin gani: takalmin kariya da ya fara daga lamba 41, safar hannu mai lilo a yatsu, takunkumin da ba ya kama siririyar fuska, sai ban ɗaki guda ɗaya marar sakata. Matar da ba ta shan ruwa tun safe don gudun wannan ban ɗakin za ta gaji kafin azahar, kuma za ta zo mana da ciwon mafitsara.

Ina zaton, Malam, akwai abin da ke ran yayanka da bai faɗa ba: barikin da ke nesa, kwana a wurin aiki, cuɗanya da maza, manyan da ke matsa wa ƙananan ma'aikata mata, da yadda za ta haɗa wannan da aure. Waɗannan tambayoyi ne na gaske, kuma ku ne za ku zauna a kansu, da ita, da mahaifiyarta, da malaman da kuka amince da su a abin da ya shafi hukuncin addini. Roƙona kawai shi ne a kira su da sunansu, kada a sa musu rigar kimiyya, domin in an yi haka ba za a tattauna ainihin damuwar ba.

Hanyar kuma ba sabuwa ba ce. Blessing Liman, 'yar jihar Kaduna, ita ce mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin soja a Najeriya. Makarantar horar da hafsoshi ta NDA ta fara ɗaukar mata a kwas na yaƙi a 2011. A Oktoban 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni da marigayiya Tolulope Arotile fiffike, ɗaya a jirgin yaƙi ɗaya a helikwaftan yaƙi. Kwalejin koyon sufurin jiragen sama ta Zariya, wadda mace, Kyaftin Chinyere Kalu, ta taɓa shugabanta, tana horar da injiniyoyin gyaran jirgi, haka ma cibiyar fasaha ta sojan sama, AFIT, a Kaduna, wadda ke ɗaukar farar hula.

Idan kun yanke shawarar ta nema, a fara da asibiti: a auna jininta, a duba rukunin jini na sikila, a gwada idonta har da launi, a gwada ji. In jinin ya yi ƙasa a gyara shi watanni kafin tantancewa, domin ƙwayar maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe na ɗaukar kamar wata uku kafin ta cika rumbun jiki. Ta fara motsa jiki aƙalla wata huɗu zuwa shida kafin lokaci, da tafiya mai sauri, sannan gudu kaɗan-kaɗan ana ƙarawa mako-mako, da takalmin da ya yi mata daidai. Ta haɗa da atisayen hannu da kafaɗa da cinya, domin nan ne tazarar ta fi yawa kuma nan ne horo ke saurin nunawa. Kada ta rage cin abinci don neman siranta a lokacin horo. Idan hailarta ta ɗauke wata biyu ko uku tana cikin atisaye, ko ta ji ciwo a wuri ɗaya a ƙwauri ko makwankwaso wanda ke ƙaruwa in ta taka, ta dakatar da gudu ta ga likita a makon, domin tsagewar ƙashi da haka take farawa kuma hoton farko sau da yawa ba ya nuna ta.